Wayar Ofis Mai Bin Intanet: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Shirin yau na masu hulɗa da jama'a ta waya ne: mai asibiti, mai makaranta, mai otal, mai kamfanin sufuri, da Alhajin da ke da shago a kasuwar Singa, sito a Bompai, reshe kuma a Abuja ko Maraɗi. Za mu tattauna wayar ofis mai bin intanet, wadda masana ke taƙaita sunanta da VoIP, da yadda mutum zai zaɓi kayanta bai yi asarar kuɗinsa ba. Wanda ke kusa da biro da takarda ya jawo su, akwai 'yan alƙaluma da za su yi masa rana in ya je ciniki.

Yawancin harkokinmu a kan wayar salular ma'aikata suke tafiya. Lambar da ke jikin allon shago ta yaron shago ce, ko ta akawu, ko ta maigida da kansa. Mutum biyu suka kira a tare, ɗaya zai ji ana kan layi, ya kira maƙwabcinka. Ranar da aka sallami yaro ya buɗe nasa shagon kuwa, da lambar zai tafi, kwastomomi su bi lambar da suka sani. Abin da wayar ofis ke magancewa ke nan. Lamba ɗaya ce ta kamfani, tana ɗaukar kira da yawa a lokaci guda, kowane tebur yana da gajeriyar lambarsa, mai karɓar baƙi ta tura kira zuwa ɗakin magani ko wurin akawu, sito ya kira shago ba a ci katin kowa ba.

Akwai wani abu na tarihi da ya kamata mai saye ya riƙe, domin ya shafi aljihunsa. Kafin wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, layukan tebur da ke aiki a ƙasar, a hannun NITEL, ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'a sun haura miliyan 100. Ke nan mu ba daga layin tebur muka taso ba, daga salula muka taso. A Turai da Amurka kuwa kamfanoni daga tsohon layin tagulla suka koma intanet, shi ya sa na'urori da yawa da ake shigo da su ke zuwa da ramukan soka tsohon layi, waɗanda aka rubuta wa FXO. Idan babu layin tagulla da ya shigo gininka, ramin nan ba zai yi maka aikin komai ba. Kada mai sayarwa ya ƙara maka kuɗi saboda na'urarsa tana da guda takwas.

To, yaya abin yake aiki? Idan ka yi magana, wayar tana yanka muryarka gunduwa-gunduwa, galibi ƙunshi 50 a kowace daƙiƙa, ta aika su ta intanet, wayar da ke can ɗaya ɓangaren ta sake jera su. Idan ƙunshin suka isa a kan lokaci kuma a jere, magana ta fita tas. Idan wasu suka makara, ko suka ɓace a hanya, sai ka ji murya tana yankewa, ko ku riƙa cin karo kai da abokin maganarka. Daga nan za ka gane cewa wayar da ke kan tebur, wadda ido ke fara gani a shago, ita ce ta ƙarshe a lissafi. Waya mai tsada ba ta gyara intanet maras kyau.

Saboda haka tambayar farko ba ta shafi kowace na'ura ba. Mutum nawa ne za su kasance a kan waya da mutanen waje a lokaci guda, a sa'ar da ciniki ya fi zafi? Ofis mai tebur 20 ba lallai ya buƙaci hanyar kira 20 ba, wataƙila biyar ko shida sun ishe shi. Wurin da aikinsa amsa kira ne kawai, kamar ofishin karɓar oda, shi kusan kowane tebur hanya guda yake ci. Zauna da ma'aikatanka ku ƙirga wannan tukuna, domin a kansa za a auna intanet, a kansa kuma kamfanin layi zai yanka maka kuɗin wata.

Ga alƙaluman. Tsarin matse murya da aka fi amfani da shi, mai suna G.711, yana cin kusan kilobit 87 a daƙiƙa a kowane ɓangare, zuwa da dawowa. Kira 10 a tare bai cika megabit ɗaya ba. Idan da data kake aiki, minti guda na magana yana cin kamar megabait 1.3. Akwai wani tsarin, G.729, da ke matse murya sosai har minti ya koma kusan rabin megabait, sai dai muryar ba ta kai ta farko daɗin ji ba. Kun ga ashe murya ba ta da ci. Abin da take buƙata shi ne hanya mai natsuwa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa. Masu girka waɗannan kaya kuma suna son abin da ke ɓacewa a hanya ya tsaya ƙasa da ɗaya bisa ɗari.

A nan ne mutane ke ruɗewa. Kamfanin intanet zai ce maka sabis ɗinsa yana sauke megabit kaza, ka ji daɗi. Tambaye shi saurin turawa, domin muryarka fita take yi, kuma a sabis da yawa turawa ta fi saukewa rauni nesa ba kusa ba. Igiyar faiba, inda ta iso, ita ce gaba. Na'urar 4G ko 5G tana iya ɗaukar ƙaramin ofis, amma halinta da safe daban, da yamma daban, in unguwa ta cika da masu kallon bidiyo. Tsohon nau'in tauraron ɗan'adam, mai tsayuwa a nisan kusan kilomita 36,000, hawa da saukar saƙo kaɗai yana cin kusan rubu'in daƙiƙa, ya riga ya zarce ma'aunin da muka faɗa. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, taurarinsa suna yawo ne a kusan kilomita 550, don haka jinkirinsa kaɗan ne, ko da yake ruwan sama mai ƙarfi yana iya taɓa shi.

Kuma a nawa ganin, duk wanda cinikinsa ya dogara da waya bai kamata ya zauna da hanyar intanet ɗaya ba. Ku tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da manyan igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har da MainOne da WACS da ACE da SAT-3. Bankuna da ofisoshi sun ji jiki. Wannan babba ce, ba kullum take faruwa ba. Wadda ke faruwa kullum ita ce masu aikin titi ko magudanar ruwa su datse faiba. Nemi rauta, wato na'urar da ke shigo da intanet ofis, mai karɓar hanya biyu daga kamfanoni biyu, wadda in ɗaya ta faɗi za ta koma ɗayar da kanta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tunda mun ambaci rauta, ga abu biyu da za ka ce wa mai girka maka. Na farko, ya kunna tsarin fifita murya, wanda za ka ga an rubuta QoS. Aikinsa ya ba ƙunshin murya hanya kafin sauran kaya, kamar yadda ake ba motar asibiti hanya a cunkoso, don kada kyamarar tsaro ko wani mai sauke fim a ofis ya shaƙe kiran kwastoma. Na biyu, idan aka girka komai sai ya zamana kai kana jin mai kira shi ba ya jin ka, ko kira yana yankewa bayan 'yan daƙiƙu, kafin a ce waya ce ta lalace a duba wani saiti a cikin rauta mai suna SIP ALG. An yi shi ne don ya taimaka, amma sau da yawa shi ke ɓata lamarin, kashe shi kawai ake yi.

Sai wuta. Tsohon layin tebur daga ofishin waya yake samun wutarsa, ko an ɗauke wuta a gida yana aiki. Wannan kuwa a'a. Wuta ta tafi, waya ta mutu, rauta ta mutu, komai ya tsaya. Idan kowace waya tana da nata abin sokawa a bango, to sai ka kai wutar inbata kowane tebur, wannan wahala ce da ɓarnar kuɗi. Mafita ita ce wayoyi masu shan wuta ta igiyar intanet ɗin kanta, abin da ake rubutawa PoE. Akwatin rarraba igiya, wanda masu aikin ke kira suwic, shi zai ba kowace waya wuta da intanet ta igiya guda. Sai ka tara suwic da rauta da na'urar rarraba kira a wuri ɗaya, ka ɗora su a kan inbata ko sola. Ko a ɗan tsakanin nan kafin a tayar da janareta kira ba zai yanke ba.

Ma'aunin PoE na farko, na shekarar 2003, yana ba da wat 15.4 a kowane rami, na 2009 kuma ya kai wat 30. Wayar tebur ta yau da kullum ba ta cika wuce wat biyar zuwa bakwai ba. Amma ga tarkon: suwic yana iya samun rami 24 alhali jimillar wutar da zai iya bayarwa ba ta isa a cika su duka ba. Duba jimillar a jikin kwali. Waya 20 masu cin wat biyar-biyar wat 100 ke nan, in kuma za a haɗa kyamarori a kansa sai a ƙara nasu. Igiya kada ta wuce mita 100 daga suwic zuwa waya. Kuma a sayi igiyar tagulla zalla. Akwai mai araha wadda alminiyum ne aka shafa wa tagulla, ido ba ya bambancewa sai an kankare. Tana zafi, tana karyewa, tana rage wuta a hanya. Araha ba ta ado. Wurin ajiye kayan ma a kula da shi: ƙurar hunturu da zafin bazara suna kashe na'ura, a sama mata inda iska ke shiga, kada a kulle ta a kabad kusa da rufin kwano.



Yanzu mu zo kan na'urar rarraba kira, wadda ake kira PBX. Ita ke karɓar kira, ta gaida mai kira, ta ce danna ɗaya don kaza, ta kai shi teburin da ya dace, ta ajiye lissafin wa ya kira wa. Hanya biyu ce. Ko ka sayi akwatin ka ajiye a ofishinka, irin na Yeastar ko Grandstream, ko ka yi hayar ta a kwamfutocin wani kamfani kana biya wata-wata a kan kowane tebur. Haya ba ta buƙatar jari mai yawa, gyara kuma ba naka ba ne, ta dace da ƙaramin ofis da masu rassa a garuruwa. Sai dai tambayi abu biyu: da wane kuɗi za ka riƙa biya, naira ko dala, kuma a wace ƙasa kwamfutocin suke, domin in suna Turai, kiran tebur zuwa tebur a cikin gini ɗaya yana iya zagayawa can kafin ya dawo. Akwatin gida kuwa yana da wata falala da ta dace da mu: ko intanet ta ɗauke, kiran cikin gida yana nan. Ga asibiti ko otal, inda yawancin kira daga ɗaki ne zuwa ɗaki, ni akwatin gida zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Akwai hanya ta uku ga mai ƙwararren ma'aikaci. A 1999 wani matashi Ba'amurke, Mark Spencer, ya nemi wayar ofis don ƙaramin kamfaninsa a Huntsville ta jihar Alabama, ya ga kuɗin ya fi ƙarfinsa, sai ya zauna ya rubuta manhajarsa, ya sa mata suna Asterisk, ya sake ta kyauta. Har yau ana ɗora ta a kan kwamfuta, ita da FreePBX da aka gina a kanta. Manhajar kyauta ce, amma mai kula da ita ba kyauta ba ne. In ba ka da wanda zai tsaya mata, bar ta.

Ko wacce ka ɗauka, kalma ɗaya za ka nema a jikin kowane kwali: SIP. Shi ne yaren da wayoyi da na'urorin kamfanoni daban-daban ke fahimtar juna da shi, an daidaita shi a yadda yake yanzu tun 2002. Wayar da ke jin SIP, yau ka haɗa ta da wannan kamfani, gobe in sun ɓata maka ka mayar da ita wani. Tsarin da ya rufe ƙofa ya ce sai kayansa kaɗai, ranka yana hannun mai shi. Dubi Skype: ya fito a 2003, Microsoft ta saye shi a 2011 a kan dala biliyan 8.5, sannan ta rufe shi a watan Mayun 2025. Duk wanda ya gina harkarsa a kansa dole ya yi ƙaura.

Layin da zai haɗa ka da duniya kuwa, a wurin kamfani mai lasisin Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, za ka karɓa. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma hukumarsu ARCEP ce. Tabbatar an rubuta lambar da sunan kamfaninka. Ku kuma lura, daga Janairun 2024 lambobin layin tebur sun canza: Kano da ke 064 ta koma 02064, Abuja 0209, Legas 0201. A duba kafin a buga allo da katin kasuwanci. Akwai kuma akwatin da ake zuba wa layukan salula a haɗa shi da wayoyin ofis. Kafin ka saya, tambayi kamfanin layin ko ya yarda, domin irin wannan akwatin ne masu karkatar da kiran ƙasashen waje ke amfani da shi, abin da NCC ta haramta, kuma layin da aka zarga rufe shi ake yi.

Sai yanzu muka iso kan wayar tebur, kuma maganarta gajeriya ce. Yealink, Fanvil, Grandstream, Snom, Poly, Cisco, duk sanannu ne. Kada ka saya wa kowa iri ɗaya. Mai karɓar baƙi ce ke buƙatar waya mai maɓallai da yawa masu fitila, ta ga wanda ke kan layi kafin ta tura masa kira. Akawu ƙaramar waya ta ishe shi. Mai wuni yana amsa kira, abin sawa a kunne mai kyau ya fi masa waya mai allon launi. Mai gadin sito ko nas mai zagaya ɗakuna, a ba su marar igiya ta DECT, wadda ke kai kamar mita 50 a cikin gini, in katanga ba ta yi kauri ba. Direba da ɗan aike manhaja kawai za a sa musu a salularsu, irin su Zoiper ko Linphone. In kana da tsofaffin wayoyin tebur masu lafiya, akwai ƙaramin akwati mai suna ATA da ke shigar da su cikin tsarin. Kuma in kwamfuta za ta bi ta bayan waya ta sami intanet, duba ramin wayar ya zama na gigabit, don kada ta rage wa kwamfutar gudu.

Inda zan ja kunne shi ne kayan gwanjo. Za ka ga wayoyi masu kyan gani da aka kwaso daga ofisoshin Turai da Amurka, kuɗinsu kamar kyauta. Wasu lafiyarsu ƙalau. Wasu kuwa an ɗaure su da kamfanin da ya fara raba su, ko ka goge komai, da zarar sun ga intanet sai su koma neman tsohon ubangidansu. Wasu wayoyin Cisco kuma manhajar da ke cikinsu an yi ta ne don na'urar Cisco, haɗa su da wata na'urar aiki ne ja. Kada ka sayi katan guda a kan maganar baki. Ɗauki ɗaya, a haɗa ta da na'urarka, ta kira ta amsa a gabanka, sannan a yi maganar sauran.

Saura ɓarayi, kuma wannan ba wasa ba ne. Akwai masu kwamfutocin da ba su da aiki dare da rana sai laluben na'urorin waya da aka bari a buɗe a intanet, musamman ta ƙofa mai lamba 5060, wadda SIP ke amfani da ita. In suka dace da na'urar da ba a canza kalmar sirrinta ta masana'anta ba, ko wadda aka sa wa 1234, sai su shiga su yi ta buga kira zuwa lambobi masu tsada a ƙasashen waje, waɗanda suke da kaso a kuɗinsu. Sun fi son daren Juma'a zuwa Lahadi da ranakun Sallah, lokacin da ba kowa a ofis. Kai dai sai ka ga takardar bashi. Maganin ba tsada: a canza kowace kalmar sirri ranar da aka girka, a rufe kiran ƙasashen waje sai ga teburin da ke buƙata, a sa iyakar kuɗin da za a iya kashewa a rana, a riƙa sabunta manhajar na'ura. In da hali ka zaɓi biya kafin amfani, don ko an shiga, abin da ke ciki kaɗai za a ci.

Masu son naɗar kira kuma, na'urorin nan suna iyawa, yana da amfani wajen warware gardamar oda. Amma muryar mutum da lambarsa bayanansa ne, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. A sanar da mai kira cewa ana naɗa, a kuma taƙaita masu iya saurare. Sannan kowane ofis ya ajiye salula guda mai caji saboda kiran gaggawa na 112, kada a dogara da wayar intanet a ranar gobara.

Kafin mu sallame ku, Alhaji, Hajiya, ga abin da za ku nema daga duk wanda zai girka muku. Ya kawo waya biyu ko uku ya haɗa a ofishinku, ku yi mako guda kuna aiki da su, har da sa'ar da kasuwa ta fi cika da lokacin da aka koma janareta. In kun gamsu, ya ba ku rasit mai ɗauke da lambar kowace na'ura da wa'adin garanti, ya nuna muku shaidar cewa NCC ta amince da irin kayan, ya kuma rubuta muku kalmar sirrin shugaban na'ura a takarda ku adana da hannunku. Wanda ya ƙi ba ku kalmar sirrin kayan da kuka saya da kuɗinku, kada ku cika masa ragowar kuɗinsa sai ya bayar.